Littafin zanen ganye da dabbobi, ta ina mutum zai fara?

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum ƴan uwa masu zane, dan Allah shawara nake nema. Na daɗe ina sha'awar in riƙa ajiye wani ɗan littafi wanda duk abinda idona ya gani a rana zan zana a ciki, ba wani babban abu ba, ganye, fure, kyanwa tana barci, tantabara, irin ƙwarin nan da suke taruwa wajen fitila da daddare, kai har kofin shan ruwa in ya kama. To littafin dai na samu, takardarsa fara tas mai kauri, amma duk sanda na buɗe shafin farko sai inji hannuna ya ƙi tafiya don gani nake zan ɓata shi ne kawai.

Sannan babbar matsalata dabbobi basa tsayawa, kafin in gama kan kaza ta juya ta bani baya, kadangare kuwa ko motsi nayi ya tsere, tsuntsu ba'a ma maganarsa. Ganye kuma yana tsaye baya zuwa ko'ina amma duk wanda na zana iri ɗaya yake fitowa, na mangwaro da na lemo da na fulawar da ke cikin tukunya duk kamar abu ɗaya, ni kaina in na dawo bayan kwana biyu bana gane wanne ne wanne. Wani abokina yace in daina wahalar da kaina in ɗauki hoto da waya in zauna a ɗaki in kwafa a tsanake, to shine nake tambaya hakan daidai ne ko zai hana ni koyo? Kuma wane irin fensir ya kamata in riƙe, naga ana rubuta HB da 2B da su 6B ban san bambancinsu ba. Ni ba ɗalibin zane bane, so nake kawai in iya, kuma inaso abin ya ɗore kar ya zama na sati ɗaya. Nagode.

Dattijon_Zane:

Wa alaikumus salam ɗana, barka da shigowa. Maganar shafin farko mai sauƙi ce, tsallake shi ka fara daga na uku ko ma daga tsakiyar littafin. In har yanzu kana jin nauyinsa to ajiye shi ka nemo ƙarami wanda ba za ka ji ciwon cika shi ba, wanda zai shiga aljihu, domin abin zanawa ba ya sanar da kai zai zo, in littafin yana gida a kan tebur to ya wuce ka ke nan.

Abin da nake so ka fara gyarawa a ranka shi ne wannan littafin ba na nuna wa mutane ba ne, na koyon kallo ne. Mutum yana iya shekara talatin yana ganin kaza kullum amma ka tambaye shi yatsunta nawa ne kuma ina suke fuskanta sai ya tsaya yana tunani. Ranar da ya zauna zai zana ƙafar, ranar ce zai gan ta. Zanen ya yi kyau ko bai yi ba wannan daga baya ne. Leonardo da Vinci, mutumin Italiya da ya rasu a 1519, ƙaramin littafi yake yawo da shi a jikinsa kuma haka yake ba masu koyo shawara, in ka ga hotunan shafukansa za ka tarar a shafi ɗaya ga fuskar mutum, ga ruwa yana juyawa, ga lissafi, ga rabin ƙafar doki da bai ƙarasa ba. Wajen 1505 ya cika wani ɗan littafi guda a kan yadda tsuntsu yake tashi da yadda yake amfani da iska, yana nan a birnin Turin na Italiya har yau. Ba wanda ya tsara shafukan nan don a yaba, aiki yake yi da su.

Yanzu dabba mai motsi. Kada ka ce za ka yi zane ɗaya ka gama shi. Buɗe shafi biyu, ka fara kazar tana tsattsaga, ta juya, ka bar wannan a yadda yake ka fara wani a gefe, ta ɗaga kai, ka fara na uku. Dabba ba ta da tsayuwa dubu, ƴan kaɗan ne take maimaitawa, in ka yi haƙuri za ta dawo wa ta farkon sai ka koma ka ƙara layi biyu. A ƙarshe za ka samu zane biyar ko shida duk rabi-rabi kuma haka ake so. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka ƙarasa da ka bayan dabbar ta tafi, domin abin da kai zai ba ka shi ne kazar da ka saba zanawa tun kana yaro, ba wadda ta tsaya a gabanka ba.

Ka fara da layin baya, daga wuya zuwa wutsiya, layi ɗaya tak, shi ne yake ɗauke da yanayin tsayuwar. Sai gangar jiki, ta tsuntsu siffar ƙwai ce, ta mai ƙafa huɗu dunƙule biyu ne, na ƙirji da na ƙugu. Sai inda ƙafafu suka taɓa ƙasa. Ido da baki da gashi su ne na ƙarshe, masu koyo kuwa da su suke farawa shi ya sa lokaci yake ƙure musu. Kuma kallon ya fi zanen yawa, idonka ya fi daɗewa a kan dabbar fiye da kan takarda. Ka nemi masu sauƙi tukuna, kyanwa mai barci, akuya ko saniya tana kwance tana tuƙa, tantabara a kan ƙwai in kana iya hango ta daga nesa ba tare da ka tashe ta ba. Kadangare da safe ake samunsa lokacin da ya fito shan hantsi jikinsa bai gama ɗumi ba, ka zauna tun kafin ya fito kada ka tunkare shi.

Akwai ƴan abubuwan da in ka san su hannunka zai yi sauri. Wannan gaɓar ta ƙafar tsuntsu da take lanƙwasawa baya wadda kowa yake ce wa gwiwa, idon sawu ce, gwiwar gaskiya tana sama a ɓoye cikin gashi tana kallon gaba irin tamu, tsuntsu a kan yatsunsa yake tafiya. Haka kyanwa da kare, dunduniyarsu tana sama ba ta taɓa ƙasa in suna tafiya. Yawancin tsuntsaye yatsu uku gaba ɗaya baya, aku biyu gaba biyu baya, jimina biyu kacal gare ta. Ƙwayar idon akuya a kwance take, ta kyanwa a tsaye in akwai haske. Saniya in za ta tashi daga kwance da ƙafafun baya take farawa, doki da na gaba. Duk waɗannan kada ka karɓa daga bakina, je ka duba ka rubuta a littafinka cewa ka gani.

Rubutun nan kuwa rabin aikin ne. Kowane shafi ka sa kwanan wata, ƙarfe nawa, a ina, rana ake ko hadari, me dabbar take yi, girmanta ya kai me. Abin da hannunka ya kasa zanawa ka rubuta shi da kalmomi ka ja kibiya, "nan ja ne", "wuyan yana ƙyalli kore in ta juya". In tambaya ta zo maka ka rubuta ta ko ba ka da amsa.

Fensir kuwa, abin da yake ciki garin girafayit ne, wani baƙin ma'adini mai laushi, aka haɗa da yumɓu aka gasa, dabarar da wani Bafaranshe mai suna Conté ya fito da ita a 1795. In yumɓun ya yi yawa fensirin ya yi tauri layinsa ya yi fari-fari, su ne masu H. In ya yi kaɗan ya yi laushi ya yi baƙi, su ne masu B, lambar tana hawa baƙin yana ƙaruwa. HB yana tsakiya. Kai dai riƙe 2B guda ɗaya ya ishe ka wata da watanni. Ni na ma fi son mai koyo ya yi da biro, don ba ya goguwa, in layi ya kauce sai ka ja wani a gefensa ka ci gaba, lokacin da za ka ɓata kana goge-goge dabbar ta yi gaba.

abba_kala:

gsky Baba ya gama magana. ni abinda zan kara kawai kasa ma kanka lokaci kadan, minti goma kullum yafi awa uku ranar hutu, in kace sai ka samu lokaci mai yawa wlh bazaka bude littafin ba. kuma ranar da baka samu dabba ba ka zana hannunka na hagu ko takalminka ko makulli, duk kallo ne

Ƴar_Ganye:

Sannu ƙanina. Bari in ɗauki ɓangaren ganyen tunda shi na fi zama a kai. Dalilin da yasa duk ganyenka suke fitowa iri ɗaya shine kana fara zana gefen ganyen, wato zagayensa, hannunka kuma ya riga ya haddace wani zagaye guda tun firamare, mai tsini sama da ƙasa da layi a tsakiya, to ko wane ganye ka ajiye a gabanka wannan haddar ce zata fito. Maganinsa ka juya tsarin. Fara da jijiyar tsakiya, ka duba ta miƙe ne ko ta karkata, sannan ka auna da fensirinka tsawon ganyen ya ninka faɗinsa sau nawa, kuma a ina ya fi faɗi, kusa da gindi ne ko tsakiya ko can wajen tsini, ka sa ɗigo-ɗigo a wuraren, sai a ƙarshe ka haɗa gefen. Na mangwaro dogo ne siriri, sabon tohonsa ma ja-ja yake fitowa yana reto kafin ya yi kore ya yi tauri, na lemo gajere ne kuma in ka ɗaga shi a rana zaka ga ƴan ɗigo-ɗigo masu haske a jikinsa, nan man da ke ba shi ƙamshi yake. Kaga tun daga nan sun rabu.

Kafin in sa fensir a takarda akwai tambayoyin da nake yi wa kowace shuka, ba wai a jere ba, duk wadda ta zo. Ganyen suna fitowa biyu-biyu ne suna fuskantar juna a gaɓa ɗaya, ko ɗaya nan ɗaya can suna hawa? Bakin ganyen sumul yake ko mai haƙora-haƙora? Jijiyoyin sun tafi a jere ne daga gindi zuwa tsini irin na masara da ciyawa, ko sun rarrabu sun yi raga irin na wake? Wannan ta ƙarshen tana da daɗi don tana tafiya da furen, masu jijiya a jere yawanci fallayen furensu uku ne ko shida, masu raga kuma huɗu ko biyar, saboda haka ƙirga fallayen fure ba ɓata lokaci bane, ka ƙirga ka rubuta lambar a gefe. Ka murza karan a tsakanin yatsunka ma, na na'ana'a kusurwa huɗu gare shi ba zagayayye bane. Sannan ka kula wani abin da kake ɗauka ganye goma ne ashe ganye ɗaya ne da ya rarrabu, kamar na tumatir ko na zogale, yadda zaka gane shine ka nemi ɗan toho a hammatar da ganye ya haɗu da kara, inda tohon yake nan ne ganye guda ya fara.

Wani abu da yake taimakona sosai in reshe ya cika da ganye har na rasa ta inda zan kama, sai in daina kallon ganyen in zana filin da ke tsakaninsu, wato siffar sararin da ake hangowa ta tsakanin ganye da ganye. Kai bai haddace wannan ba shi yasa dole ido yayi aiki. Kuma ka gwada zana ganye ɗaya ba tare da ka kalli takardar ba sam, idonka yana bin gefen a hankali hannunka yana binsa, zai fito a karkace amma zaka sha mamakin yadda ƴan lanƙwasar gaskiya suke shiga ciki.

Kar ka nemi ganye mai lafiya kawai. Wanda tsutsa ta ci, wanda ya fara rawaya daga gefe, wanda ya bushe ya nannaɗe, sun fi koyarwa kuma in ka juya bayansa sau da yawa zaka samu mai cin nasa ko ƙwansa. Akwai wata mata Bajamushiya Maria Sibylla Merian, an haife ta a Frankfurt a 1647, tun tana yarinya take kiwon tsutsar siliki tana zana yadda take canzawa, a zamanin da mutane da yawa suke ganin ƙwari daga taɓo da ruɓaɓɓen abu suke fitowa haka kawai. A 1699 tana da shekara 52 ta hau jirgin ruwa ita da ƴarta suka tafi Suriname a Kudancin Amurka, ta yi wajen shekara biyu, aikin ya fito a 1705. Abinda ya bambanta zanenta shine a shafi ɗaya zaka ga ƙwan, ga tsutsar, ga lokacin da ta naɗe kanta, ga malam-buɗe-littafin da ya fito, duk a kan ainihin shukar da tsutsar take ci har da ramukan da ta huda a ganyen. Wannan ba'a samunsa a zama ɗaya, sai an bi abu ɗaya makonni ana dawowa kansa.

Kai ma zaka iya irinsa a ƙaramin mataki. Sa ƙwayar wake da ta masara a kwalba da jiƙaƙƙen tsumma ko auduga ta yadda zaka riƙa ganinsu ta jikin gilashin, ka ware shafi biyu, kullum ka zana su ƙanana a jere da kwanan wata. Saiwa ce zata fara fitowa ta nufi ƙasa ko ya ka ajiye ƙwayar. Bana son in gaya maka sauran, amma ka kula da inda ita ƙwayar take ƙarewa a kowannensu, ba wuri ɗaya bane.

Tunda ka ambaci ƙwarin fitila, ƙwaro jikinsa kashi uku ne, kai da ƙirji da ciki, ƙafafu shida kuma dukkansu daga ƙirjin suke fitowa har da fukafukan, mutane suna rarraba ƙafafun a tsawon jiki shi yasa zanen yake zama wani iri. Gizo-gizo takwas gare shi jikinsa kashi biyu. Ƙuda fiffike biyu, ƙudan zuma huɗu. Wanda ka tsinta a mace a bakin taga shine malaminka, ka sa shi a kan farar takarda ka zana shi ya ninka girmansa sau uku ko huɗu sai ka ja ɗan layi a gefe da ke nuna ainihin tsawonsa. Amma dan Allah abinda baka sani ba kar ka taɓa da hannu, tsutsa mai gashi da shuka mai farin ruwa da naman kaza na daji, kallo ya isa.

MaiWaya:

Ni dai Baba da Anti ku gafarceni amma naga kamar an tsallake tambayarsa ta hoto, kuma ni ina bayan abokin nasa. Ba kowa ke da lokacin zama gaban kaza ba, wani daga aiki sai dare, in yaga tsuntsu mai kyau a hanya ya dauka da waya ya zana da daddare meye laifi? ai yafi ace bai zana komai ba. Kuma akwai abinda ido bazai taba kamawa ba komai kwarewarka. Shekaru daruruwa manyan masu zane a Turai suna zana doki yana sukuwa kafafun gaba a mike gaba na baya a mike baya duk a sama, kuma wadannan mutane ne da suke ganin doki kullum, sai a 1878 da wani mai daukar hoto Muybridge ya jera kyamarori a Kalifoniya ya dauki doki yana gudu aka ga ashe lokacin da kafafu hudun suke barin kasa a tattare suke a karkashin ciki ba a mike ba. To ina kallon ya kaisu? kyamara ce ta gyara musu. Ni fiffiken tantabara a bude ta bidiyo na koyeshi, ina tsayar dashi ina kallo daya bayan daya, da ido kawai sai dai kaga wani abu fari ya wuce fuu

Dattijon_Zane:

MaiWaya ba ka faɗi ƙarya ba ɗana, maganar dokin haka take, kuma ga abin da ya fi ƙarfin ido kamar bugun fiffike ko tsallen kwaɗo ni ma ina cewa a duba bidiyo. Inda muka rabu shi ne a ce hoton ya zama shi ne tushe. Hoto ya riga ya yanke maka hukunci, ya zaɓi gefe ɗaya, ya mayar da abu mai jiki ya zama shimfiɗaɗɗe, inda inuwa ta faɗa ya cike da baƙi ba ka san me ke ciki ba, in ka matso da waya kusa kuma abin da ke gaba ya kumbura na baya ya ƙanƙance, launin ma wayar tana gyara shi yadda ta ga dama. Mai kwafa daga hoto yana koyon kwafar haske da duhu ne, kuma fasaha ce, amma ba zai iya leƙa ƙarƙashin ganyen ba, ba zai ga cewa tantabara in tana tafiya kanta tsayawa yake cak a wuri ɗaya jiki ya iso shi sannan ta sake jefa shi gaba ba. Yaron nan kuma cewa ya yi littafin abin da idonsa ya gani yake so.

Tunda ka kawo tarihi bari in ba ka nawa. Albrecht Dürer na Jamus ya yi zanen zomo a 1502 da na wani ɗan guntun ciyawa a 1503, duka suna gidan adana zane na Albertina a birnin Viyana, ciyawar nan har yau masana tsirrai suna iya faɗin sunan shuke-shuken da ke ciki saboda yadda ya bi su da ido. Shi ɗin dai a 1515 ya zana karkanda da aka kawo birnin Lisbon na Fotugal daga Indiya, bai taɓa ganin ta ba, wasiƙa da ɗan zanen wani ya samu. Sai ya sa mata sulke a jiki falle-falle, ya ƙara mata wani ɗan ƙaho a doron wuya wanda babu shi. Don ya iya hannu zanen ya yi kyau ƙwarai, aka yi ta kwafarsa a littattafan Turai sama da shekara 200 a matsayin haka karkanda take. Hannu ɗaya ne ya yi duka, bambancin wanda ya gani da wanda aka ba shi labari ne. Na san hoto ya fi wasiƙa nesa ba kusa ba, amma shi ma ganin wani ne, ganin na'ura.

Saboda haka ga yadda nake yi. In zana tukuna a wurin ko na daƙiƙa talatin ne, in rubuta abin da na lura, sannan in ɗauki hoton. Da daddare in buɗe hoton don in duba abin da ya shige mini, yatsu nawa, zanen fiffike ya yake, in gyara a sabon zane a gefe in rubuta "daga hoto" a ƙarƙashinsa, na wurin kuma in bar shi yadda yake. Wanda aiki ya hana shi sai dare, to ya zana daga hoton da shi ya ɗauka da hannunsa, ya fi na intanet, domin aƙalla ya tsaya a gaban abin.

Malama_Bio:

Ina koyar da ilimin halittu, kuma abinda nake gaya wa ɗalibai masu cewa basu iya zane ba shine Charles Darwin, shahararren masanin halittun nan na Ingila, ma bai iya ba. Tafiyarsa a jirgin ruwa mai suna Beagle daga 1831 zuwa 1836 yawancin abinda ya cika littattafansa da shi rubutu ne. Amma shi da kansa daga baya ya nuna takaicin cewa rashin iya zanen yana cikin abinda ya sa tarin bayanan da ya yi kan ƙananan halittun ruwa basu yi amfani sosai ba. To ka haɗa biyun ƙanina, rubutu ya ɗauki abinda zane ya kasa, zane ya ɗauki abinda rubutu ya kasa. Kuma in baka san sunan shuka ko tsuntsu ba kar ya hana ka, ka bar gurbin sunan, in ka zana tsarin ganye da fure da kyau ka sa girma da kwanan wata, wanda ya sani zai iya gaya maka ko bayan shekara ne.

Sabon_Hannu:

Kai Allah ya saka da alheri, Baba, Anti, Malama, MaiWaya duk nagode sosai. Na fara daga tsakiyar littafin kamar yadda Baba yace kuma wake da masara suna cikin kwalba. Saura abu biyu, na lura fensirin yana shafar ɗaya shafin in na rufe littafin, sannan na gwada sa kalar ruwa a kan wani ganye takardar ta kumbura ta yi tudu-tudu, akwai dabara ne ko takardar ce bata dace ba?

Ƴar_Ganye:

Takardar ce ƙanina. Ka duba bangon littafin zaka ga lamba da gsm a gefenta, nauyin takardar kenan, giram nawa murabba'in mita ɗaya yake. Ta firinta 80 ce, littattafan zane da yawa suna tsakanin 120 zuwa 160, waɗannan sun isa fensir da biro da fensir mai kala, amma ruwa sosai sai mai 300 wadda aka yi don shi. Ba sai ka canza littafi ba, ka rage ruwan kawai, ka tsoma burushi ka dangwala shi a tsumma kafin ya taɓa takarda, shafa ɗaya ka bari ya bushe kar ka yi ta komawa kai, ka kama gefen shafin da kilif, in ya bushe sarai ka rufe ka ɗora masa abu mai nauyi ya kwana zai kwanta. Kuma ba dole ka cika ganyen duka da kala ba, ni sau da yawa rabi nake shafawa in bar rabi a fensir don jijiyoyin su fito, ko in yi ƴan tabo uku a gefe, koren sama, koren bayan ganye, da kalar kara. Koren da ke cikin akwatin kala shi kaɗai yana yin kauri da yawa, ka haɗa naka da shuɗi da rawaya ka ɗan taɓa ja kaɗan a ciki zai fi kama da na shuka. In zaka yi layi da tawada kafin kala ka gwada ta a shafin baya tukuna, wata tana narkewa in ruwa ya taɓa ta.

Shafar fensir kuma masu B ne suke yi, 4B da 6B sun fi, 2B da sauƙi. Ka yanka farar takarda siririya daidai girman shafin ka riƙa sa ta a tsakani, ko ka riƙa zane a shafin dama kawai ka bar na hagu don rubutu da biro. Akwai feshin da ake sayarwa don kama fensir da gawayi, in zaka yi amfani da shi a waje zaka fesa ba cikin ɗaki ba. Ka sa roba ka ɗaure littafin don shafukan su daina gogar juna a aljihu, yawancin shafar daga nan take zuwa. In kana zane kuma ka sa ƴar takarda ƙarƙashin gefen hannunka.

Ganye ko fure in kana son liƙawa a ciki kar ka sa shi ɗanye, zai yi fumfuna ya ɓata shafuka, ka matse shi daban a tsakanin tsofaffin jaridu kana canza su har ya bushe ƙayau tukuna. Waken nan kuma kar ruwa ya kwanta a gindin kwalbar, tsumman ya zama da danshi kawai in ba haka ba ruɓewa zai yi kafin saiwar ta fito.